Likita ya ce hannu ya warke, mai jifa ya ce da saura

A shekarar 2011 likitocin ƙashi na asibitin Kerlan-Jobe da ke Los Angeles a Amurka suka fitar da sakamakon wani ɗan bincike mai ɗaure kai. Sun bibiyi manyan 'yan wasa 23, dukansu masu wasannin da ake ɗaga hannu sama da kai, waɗanda aka yi wa tiyatar ɗinke guringuntsin da ke kewaye da bakin ramin kafaɗa. Bayan kimanin shekara uku aka ba kowannensu takardun tambayoyi iri biyu ya cike da kansa. Ta farko, wadda ƙungiyar likitocin kafaɗa da gwiwar hannu ta Amurka ta tsara a 1994, ake kiranta ASES, ta nuna 22 daga cikinsu sun samu lafiya yadda ake so. Ta biyu, wadda aka tsara musamman don masu jifa, ta ce 12 ne kawai. Da aka leƙa fili kuwa, 13 ne suka koma matsayin da suke kafin rauni.

Mutanen su ne dai, kafaɗun su ne dai, tiyatar ita ce dai. Tambayoyin ne suka bambanta, kuma ɗaya daga cikin takardun ta fi kusa da abin da ya faru a fili nesa ba kusa ba.

Irin waɗannan takardu su ne ma'aunan lafiya da majinyaci ke bayarwa da bakinsa. Jerin tambayoyi ne da aka tsara, aka gwada a kan mutane da yawa, aka tabbatar suna auna abin da aka ce suna aunawa. Majinyaci ne ke amsawa, ba tare da likita ya tace masa amsar ba, sannan a haɗa amsoshin su zama maki. Dalilin ƙirƙiro su a fili yake. Likita na iya auna iya inda hannu ke ɗaguwa, ya auna ƙarfin tsoka, ya ɗauki hoto. Amma zafin da ke tashin mutum cikin dare, da tsoron da ke kama shi lokacin da zai saki hannu, da gajiyar da ke zuwa masa a jifa na talatin, babu na'urar da ke ganinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai hannun mai jifa ba irin hannun kowa ba ne, kuma a nan matsalar take. Ɗauki mai jefa ƙwallo a wasan besbol. Yana ɗaga ƙafa, ya taka gaba, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo baya, hannu kuwa a bar shi can baya har ya lanƙwashe ya wuce inda hannun yawancin mutane zai iya kaiwa. Daga nan sai ya fizgo. Masu binciken motsin jiki a Birmingham ta jihar Alabama sun auna cewa kafaɗar ƙwararren mai jifa na murɗawa ciki da saurin da ya kai wajen digiri 7,000 a daƙiƙa ɗaya, wato da hannun zai ci gaba da juyawa haka, da ya zagaya kusan sau ashirin kafin daƙiƙar ta cika. Yana cikin motsi mafi sauri da aka taɓa aunawa a jikin ɗan Adam. A daidai wannan lokaci gwiwar hannu na neman buɗewa ta ɓangaren ciki, kuma wata 'yar jijiya da ke ɗaure ƙashin damtse da na sangalin hannu ita ke riƙe ta, da taimakon tsokokin da ke kewaye. Nauyin da take ɗauka a kowane jifa mai ƙarfi ya kusa kai iyakar abin da za ta iya jurewa. Bayan an saki ƙwallo kuma aiki bai ƙare ba, domin tsokokin bayan kafaɗa ne za su taka wa hannun burki kada ya fice daga gurbinsa. Haka abin yake, da ɗan bambanci, ga mai jifan mashi, da ɗan ƙwallon hannu, da mai jifa a kurket, da mai dukan ƙwallon raga ko tanis daga sama. Tun 1946 aka fara bayyana tsinkewar wannan jijiya ta gwiwar hannu a rubuce, a jikin masu jifan mashi.

Wani zai ce ai hoto ya isa ya raba gardama. Bai isa ba. Shahararren likitan 'yan wasa James Andrews ya taɓa ɗaukar hoton MRI, mai nuna cikin gaɓa, na kafaɗun ƙwararrun masu jifa 31 da babu wanda ke jin ciwo a cikinsu. Wajen kashi 90 cikin ɗari hoton ya nuna matsala a guringuntsinsu, kusan haka kuma a jijiyoyin da ke juya kafaɗa. Shekaru na jifa suna sauya gaɓar, kuma ba kowane sauyi ne cuta ba. Akwai mai mummunan hoto da ke jifa lafiya lau, akwai mai kyakkyawan hoto da ya kasa. Wanda ya dogara da hoto kaɗai zai iya yanka kafaɗar da ba ta bukatar wuƙa, ko ya sallami wanda bai warke ba.

To tunda dole a tambayi ɗan wasa, wace tambaya za a yi masa?

Takardar da ta fi yaɗuwa a duniya a kan hannu da kafaɗa ita ce DASH, wadda ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka da wata cibiyar binciken lafiyar ma'aikata da ke Toronto a Kanada suka fitar a 1996. Tambayoyi 30 ne, an kuma yi mata gajeriya mai 11 daga baya. Tana tambayar mutum wahalar da ya sha a makon da ya gabata wajen buɗe murfin kwalba mai tauri, da rubutu, da murɗa makulli, da ɗora kaya a kan kanta sama da kansa, da cuɗa bayansa, da ɗaukar jakar cefane. Takarda ce mai kyau, ba na raina ta. Ga wanda ya karye a hannu, ko dattijuwar da kafaɗarta ta sandare, waɗannan su ne rayuwa. Amma saurayi mai shekara ashirin da biyu da ke cilla mashi mai nauyin giram 800 ya wuce mita saba'in, ko jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, zai buɗe kwalba, ya murɗa makulli, ya ɗauki jaka ba tare da ya ji komai ba. Ciwonsa ba ya tashi sai hannu ya je can baya da cikakken ƙarfi. Bugu da ƙari, takardar ta ce ba ruwanta da hannun da mutum ya yi aikin da shi, don haka wanda damansa ke ciwo ya koma yi da hagu zai amsa cewa ba wahala, kuma gaskiya ya faɗa. Akwai ƙarin tambayoyi huɗu a kan wasanni da kiɗa a ƙarshenta, amma na ganin dama ne, ana lissafa su daban, sau da yawa ma ba a cike su.

Abin da ke faruwa kamar a ba ɗaliban jami'a jarrabawar 'yan aji ɗaya ne: kowa zai cinye, ba za a gane gwani da rago ba. Masana awo suna ɗaukar cewa idan sama da kashi 15 cikin ɗari na masu amsawa suka samu makin ƙoli, takardar ta gaza a kan wannan rukuni na mutane. Ba za ta bambance mai ciwo da mai lafiya ba, kuma ba ta da sauran wurin nuna ci gaba idan an samu sauƙi. Ita ma ASES haka take: rabin makinta na zafin ciwo ne, rabi na ayyuka goma irin su sa riga da taje kai da kwanciya a kan kafaɗar. Shi ya sa ta ce 22 cikin 23 sun warke.

Takarda ta biyu a wancan bincike ita ce KJOC, wadda ta ɗauki sunan asibitin Kerlan-Jobe, inda aka haife ta, aka wallafa ta a 2010. Asibitin na da tarihi a wannan fage. Ɗaya daga cikin waɗanda yake ɗauke da sunansu, Frank Jobe, shi ne a 1974 ya ciro jijiya daga hannun daman Tommy John, mai jifa na ƙungiyar besbol ta Los Angeles Dodgers, ya dasa ta a gwiwar hannunsa na hagu. John ya dawo fili a 1976, ya ci gaba da wasa har 1989, kuma har yau da sunansa ake kiran tiyatar. Mutanen da suka shafe shekaru suna sauraron masu jifa ne suka zauna suka rubuta tambayoyin, kuma ana ganin hakan a cikinsu.

Guda goma ne. A ƙarƙashin kowace akwai layi mai tsawon santimita goma, wannan ƙarshe mafi muni, wancan mafi kyau. Ɗan wasa zai sa alama a inda yake ganin yake, ma'aikacin lafiya ya ɗora rula ya auna, a tara tsawon layukan goma su ba da maki cikin ɗari. Tambaya ta farko ba ma a kan ciwo take ba. Cewa take: yaya wahalar sakin jiki da ɗumama hannu kafin atisaye ko gasa? Duk wanda ya san masu jifa ya san nan matsala ke fara leƙowa. Hannun da a da jifa goma ke sake shi, yanzu sai an yi ashirin da biyar, alhali mai shi zai rantse ba ya jin zafi. Sai tambayoyin zafi, da rauni ko gajiya, da jin kamar gaɓar za ta goce. Sai kuma waɗanda babu su a sauran takardu: shin ka sauya yadda kake jifa saboda hannun? Gudun ƙwallonka ko ƙarfinka ya ragu? Juriyarka fa? Saitinka fa, ƙwallo na zuwa inda ka aika ta? Har da tambayar ko matsalar ta taɓa dangantakarka da koci da shugabannin ƙungiya da wakilinka. A saman takardar kuma ɗan wasa na zaɓar ɗaya cikin uku: yana wasa ba ciwo, yana wasa da ciwo, ko ciwo ya hana shi wasa.

Rukunin tsakiyar nan shi ne ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da nake ganin wannan takarda ta cancanci a san ta. Wanda ciwo ya kwantar kowa ya gan shi. Wanda ke wasa da ciwo kuwa yana cikin fili, sunansa na cikin jerin masu lafiya, yana ɗan sauke gwiwar hannunsa ƙasa don ya kauce wa zafin, nauyin kuma yana komawa kan wata gaɓar. KJOC na iya ware shi daga mai lafiya. Binciken da aka yi a kan ƙwararrun masu jifa marasa ciwo ya nuna matsakaicin makinsu ya kusa 95, don haka wanda ya faɗo ƙasa da 90 ya kamata a zauna da shi, ko da a jarrabawar makaranta 85 babban maki ne.

A 2017 wasu masu bincike a jihar Arizona suka fitar da wata mai suna FAST, tambayoyi 22, da ƙarin tara na masu jefa ƙwallo a besbol kaɗai. Ta faɗaɗa abin da ake kallo zuwa fanni biyar: zafi, jifa, ayyukan yau da kullum, halin da zuciya ke ciki, da ci gaban ɗan wasa a sana'arsa. Biyun ƙarshen sun taɓo wani abu da likitocin tiyata suka daɗe suna tsallakewa. Ga matashin da ke jiran gurbin karatu ta hanyar wasa, ko kwantiragin farko, ciwon gwiwar hannu ba a gwiwar hannu ya tsaya ba. Yana hana barci, yana raba mutum da abokan wasansa, yana sa shi tunanin ko ƙarshen tafiyar ke nan. Tiyatar Tommy John na cin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin a dawo gasa, kuma watannin nan ba tsoka kaɗai suke gwadawa ba. Tsoro ma ana auna shi yanzu. Masu bincike a Faransa sun tsara tambayoyi 12 don waɗanda kafaɗarsu ta taɓa gocewa, a kan ƙarfin gwiwarsu da fargabar sake jin rauni, domin an ga mutane da yawa da gaɓarsu ta yi ƙarfi amma zuciyarsu ta ƙi sakin hannun.

Yara kuma nasu daban ne. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya tambayi yara 'yan besbol 203 a Amurka. Kusan uku cikin huɗu suka ce hannunsu na ciwo lokacin jifa, kusan rabi kuma suka ce an taɓa ƙarfafa musu su ci gaba da wasa duk da ciwon. Ƙashin yaro bai gama haɗewa ba, wurin da yake tsiro shi ne mafi rauni, kuma yaro ba shi da wakili ko kwantiragi da za a tambaye shi a kai. Shi ya sa likitoci a jami'ar Columbia da ke New York suka tsara wa yara tasu takardar mai tambayoyi 14 da kalmomi masu sauƙi.

Duk waɗannan an fi amfani da su bayan an zo asibiti. Masu bincike a Oslo ta ƙasar Norway suka juya al'amarin. A tsohon tsari ba a ƙirga rauni sai ya hana ɗan wasa fita atisaye ko gasa, alhali ciwon yawan aiki a hankali yake shigowa, mai shi na ta wasa. Sai suka tsara tambayoyi huɗu kacal da ake aika wa kowane ɗan wasa duk mako: ka samu matsalar shiga atisaye? Ka rage yawansa? Ƙoƙarinka ya ragu? Yaya zafin? Sun gwada a kan 'yan wasa 313 na wasanni biyar, ciki har da ƙwallon hannu da ƙwallon raga, na tsawon mako 13, suka wallafa a 2013. Tsohon tsari ya kama raunuka 40 na yawan aiki. Sabon ya kama matsaloli 419 a gwiwa da baya da kafaɗa. Ciwon yana nan tun farko, ba a tambaya ba ne.

Karanta makin ma sai da kula. A KJOC da ASES babban maki shi ne lafiya. A DASH da FAST akasin haka ne, sifili shi ne lafiya ƙalau. Sannan ba kowane motsi na maki ke da ma'ana ba. Mutum zai cike takarda yau ya sake cikewa jibi a samu bambancin maki uku ko huɗu ba tare da komai ya sauya a jikinsa ba. Don haka ake neman mafi ƙarancin sauyin da majinyaci da kansa zai ce ya ji bambanci, wanda a DASH yake wajen maki 10. Amma an samo wannan adadi ne daga majinyata gama-gari, ba daga masu jifa ba, kuma ɗora shi a kan ɗan wasa kai tsaye ganganci ne. Abin da ya fi amfani shi ne a gwada mutum da kansa: ya cike takardar kafin kakar wasa, yana lafiya, a ajiye. Wanda makinsa na lafiya 98 ne ya sauko 88 ya fi ban tsoro a kan wanda kullum a 88 yake.

Akwai kuma gibin da ba a cike ba. Yawancin wannan ilmi daga besbol na Amurka ya fito, daga maza, da Ingilishi. An fassara KJOC zuwa harsuna kamar Italiyanci da Jamusanci da Turkanci, kuma aikin ba na mutum ɗaya da ƙamus ba ne. Ƙa'idar ita ce mutum biyu su fassara kowa daban, a haɗa, wasu su mayar da ita harshen asali a ga ko ma'ana ta kauce, kwamiti ya zauna, sannan a gwada ta a kan mutum talatin zuwa arba'in. Ko an yi duk wannan, wasannin ba ɗaya ba ne. Mai jefa ƙwallon besbol na iya yin jifa ɗari a wasa guda, don haka tambayar juriya ta dace da shi. Mai jifan mashi jifa shida ne iyakarsa a wasan ƙarshe, kowanne da dukkan ƙarfinsa. Neeraj Chopra na Indiya, wanda aka yi wa tiyatar gwiwar hannu a 2019 ya zo ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo da jifan mita 87.58, ba juriyar jifa ɗari yake bukata ba. Ɗan ƙwallon hannu kuma ana riƙe masa hannu ana fizga a tsakiyar jifa, abin da babu takardar da aka gina a kan besbol da za ta tambaya.

Babban raunin waɗannan ma'aunai dai yana cikin abin da ya ba su daraja: mutum ne ke amsawa, mutum kuma yana da abin da yake tsoron rasawa. A ce an raba takardar a ɗakin sauya kaya, saura kwana uku a fitar da sunayen waɗanda za su buga, koci na tsaye a bakin ƙofa, kowa kuma ya san takardun a teburinsa za su kwana. Matashin da kafaɗarsa ke masa zugi tun makon jiya zai kalli layin nan na santimita goma, ya kalli ƙofa, ya sa alamarsa a can ƙarshe. Ba maƙaryaci ba ne. An tashe shi a kan cewa jarumi ba ya kuka, kuma ya ga yadda aka ajiye wanda ya yi ƙorafi bara. Akwai kuma wanda ya daɗe da ciwon har ya zama masa jiki, ya manta yadda hannu mai lafiya yake, ya ba kansa 90 da zuciya ɗaya. Wasu ma, idan sun gane za a gwada su da makin farkon kaka, sai su rage shi da gangan don kada faɗuwarsa ta fito daga baya.

Saboda haka ban yarda a mai da makin shi kaɗai alƙalin komawa fili ba, kuma ban yarda a miƙa shi ga masu yanke shawarar kwantiragi ba. Ranar da 'yan wasa suka gane amsarsu na iya cin gurbinsu, daga ranar takardar ta mutu. Wurinta hannun likita da mai gashin ƙashi ne, a cike ta a keɓe, a faɗa wa ɗan wasa tun farko wanda zai gani da wanda ba zai gani ba. Sannan a karanta ta tambaya bayan tambaya, ba jimla kaɗai ba. Mutum biyu na iya samun 80, ɗaya saboda zafi, ɗaya saboda saitinsa ya lalace kuma ya sauya salon jifa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko a duba gaɓar da yawan jifan da yake yi. Na biyu a ɗauki bidiyon jifansa, a auna ƙarfin ƙugu da tsokokin allon kafaɗa, a mayar da shi tsarin jifa na mataki-mataki, daga ɗan gajeren zango da rabin ƙarfi zuwa cikakken jifa, ana sake ba shi takardar a kowane mataki kafin a ƙara masa nisa.